Yaron da Ya Daina Karatu a Fili da Karyar da Ta Zauna Sauraronsa

Asalin lamarin

Yaron yana da shekara tara, yana aji uku na firamare, gidansu kuma yana wata unguwa a gefen titin Bauchi cikin Jos ta Arewa. In'ina gare shi tun yana ɗan shekara huɗu. Kalmomin da suka fi maƙale masa su ne masu farawa da "b" da "m" da "k". Leɓɓansa sai su haɗe, ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu ko uku kafin kalmar ta fito. A gida ba a ɗauki abin da zafi ba, domin kawunsa ma ya yi in'ina yana ƙarami, ta kuma sake shi kafin ya gama firamare. Iyayen suna da hujjar yin wannan zato: kusan yara biyar cikin ɗari kan yi in'ina na wani lokaci, galibinsu ta bar su, sai kamar mutum ɗaya cikin ɗari ne yake girma da ita, kuma ta fi kama maza.

Ni ina koyar da lesin kyauta a wani gareji da maƙwabcinmu ya ba mu aro, ranakun Alhamis da Juma'a bayan la'asar, kwanakin da Islamiyyar unguwar ke hutu. Yara 22 ne a rajista. Mahaifiyarsa ta kawo shi a farkon Satumba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, karatun yana kansa, bakin ne ya ƙi." Ta ce tun zangon baya da 'yan ajinsu suka riƙa kwaikwayonsa in ya tashi karatu, ya daina buɗe baki a makaranta. In malami ya kira sunansa sai ya kifa kai a kan tebur. An yi masa bulala sau biyu a kan taurin kai.

Na gwada shi a ranar. Na ba shi labari mai shafi ɗaya ya karanta a zuci, na rubuta tambayoyi biyar, ya amsa huɗu daidai a rubuce. Da na ce ya karanta mini layin farko da baki, bai ce uffan ba.

Satumba zuwa Oktoba: abin da aka fara gwadawa

Hanya ta farko ita ce wadda kowane malami ya sani: a yi ta kiran yaro har ya saba. Mako uku ina kiransa a kowane zama. Ko kalma ɗaya ban samu ba, kuma a mako na huɗu ya ƙi zuwa, ya ce cikinsa na ciwo.

Ta biyu, karatun taro. In duka aji suna karantawa da murya ɗaya, sai na ji tasa a ciki, tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Haka yake a Islamiyya in ana bita tare. Wannan sanannen abu ne ga masu in'ina, harshensu kan saki in suna waƙa ko suna karatu tare da wasu. Na yi ƙoƙarin rage masu karatun sannu a hankali, daga ashirin zuwa goma zuwa biyar. Da suka koma uku ya gane inda na dosa, ya yi shiru.

A gida kuma ana ta nasu. An yi rubutun sha da tofi. Kakarsa ta wajen uba ta kawo shawarar a kira wanzami ya cire masa beli, mahaifiyar ta ƙi, kuma beli ba shi da alaƙa da in'ina. A tsakiyar Oktoba suka kai shi asibiti, aka duba kunne da maƙogwaro aka ce lafiya lau, aka ba su shawara ɗaya: kada a riƙa ƙarasa masa kalma, kada a ce masa "yi a hankali". Sun bi shawarar kwana biyu suka koma yadda suka saba.

Ƙarshen Oktoba, adadin layukan da ya karanta mini shi kaɗai da baki: babu ko ɗaya.

Nuwamba: mai karen ta shigo

Matar da ta kawo maganar kare ta haura shekara sittin, ta yi ritaya daga aikin kula da lafiyar dabbobi, tana zaune ta wajen Bukuru. Kirista ce, Hausa a bakinta kamar ta kowane ɗan Jos, kowa kuma Mama yake ce mata. Mun haɗu ne wajen raba littattafan da wasu suka tara wa masu lesin kyauta. Da na ba ta labarin yaron, sai ta tambaye ni ko ya taɓa yin magana da akuya ko kyanwa a gida. Na tambayi mahaifiyarsa daga baya, ta ce ai kullum yana hira da tunkiyarsu, kuma ba ta taɓa jin ya maƙale ba.

Mama ta ce tana da karya 'yar gida, irin karnukanmu masu jan gashi da tsayayyen kunne, shekararta shida, nauyinta kilo 14, wadda take kai wa wasu tsofaffi ziyara a unguwarsu. Ta bayyana mini cewa wannan aikin daban yake da na karen gadi, daban kuma da na karen da ke yi wa makaho jagora. Karen ɗebe kewa na mai shi ne, yana kwana a gidan mai shi, ana kai shi ziyara ne na ɗan lokaci a matsayin aikin sa kai, kuma abin da ake nema gare shi shi ne sanyin hali. Daga wurinta na fara jin labarin Boris Levinson, wani masanin halayyar yara a birnin New York, wanda ya lura wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles, har ya yi rubutu a kan haka a 1962. Ta kuma ce tun 1999 aka fara wani shiri a birnin Salt Lake na Amurka inda yara ke zama a laburare suna karanta wa karnuka littafi.

Na amince nan take. Ban gaya wa iyayen yara ba, ban gaya wa mai garejin ba, ban je wurin liman ba.

Ziyarar farko, Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba

Mama ta sauka daga mota da karyar a igiya ƙarfe huɗu da rabi. Yara 20 ne a garejin. Kafin ta ƙaraso bakin ƙofa ihu ya tashi. Wasu suka haye benci, wasu suka yi waje, wata yarinya ta faɗi ta kurje gwiwa. Yaran unguwa da ba 'yan lesin ba suka taru a waje, ɗaya ya yi jifa, dutsen ya samu ƙofar garejin. Karyar ba ta yi haushi ba. Ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, tana ta hamma tana lasar baki, jikinta na ɓari. Cikin wannan ruɗani ta kai baki kan butar alwala da ke gefen ƙofa, kuma mutane da dama sun gani.

Yaron da aka yi abin dominsa yana can ƙuryar garejin a bayan allo. Daga baya na ji cewa kare ya taɓa bin sa da gudu a hanyar makaranta yana ɗan shekara shida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ziyarar ba ta kai minti goma ba. Washegari yara 13 ne suka zo. Mai garejin ya aiko a ce mini in kare ya sake shiga masa gida in nemi wani wurin.

Disamba: zama da iyaye

Na fara da zuwa gida-gida ban haƙuri, sannan na je wurin limamin masallacin unguwa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi garaje, ina neman a gyara." Ya kira zama a ƙofar gidansa bayan sallar la'asar. Iyaye maza tara suka zo, mata kuma suka aiko da saƙo ta bakin mahaifiyar yaron. Mama ta zo ba tare da karyar ba.

Zuwan nata kansa ba ƙaramin abu ba ne. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, unguwannin Jos suka rabu, kowa ya koma inda nasa suke. Mama ta taɓa zama ba nisa da unguwarmu kafin 2001, ta ce kafin ziyarar Nuwamba ta yi shekaru da yawa ba ta taka wannan layin ba. Kare ma yana cikin abubuwan da rabuwar ta shafa. A wajenmu kare na mafarauta ne da masu gadi, a wasu sassan Filato kuwa har kasuwarsa ake ci, kamar ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke. Wani dattijo ya faɗi abin da ke zukatan mutane da yawa, ya ce, "Mu ba mu saba da shi ba, kuma ba ma so yaranmu su saba."

Liman ya raba maganar gida biyu. Game da tsarki, ya ce a mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakakke ne har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuwa bin umarni ne. Ya ce Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, kuma wanda ya bi wannan fahimta ba a ce ya yi laifi ba. Game da ajiye kare a gida, ya kawo hadisin da ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce ba wanda aka nema ya ajiye kare a gidansa. Ya tuna mana kuma da mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya ce kowane uba ya yanke wa ɗansa.

Sai maganar cizo. Nan Mama ta ɗauki lokaci. Ta ce tsoron ciwon haukan kare tsoro ne na gaskiya: yana kashe mutane kusan dubu 59 a duniya kowace shekara, yawanci ta hanyar cizon kare, yara ne da yawa daga cikinsu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Ta fito da katin rigakafin karyar aka zagaya da shi hannu-hannu, ana duba kwanan watan allurar shekara-shekara da na maganin tsutsar ciki da na kaska. Wani ya tambaya ko allurar abin dogaro ce, ta tuna masa cewa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma rigakafin dabbobi na cikin aikinta. Ta ƙara da abin da ya kamata kowa ya sani ko da ba lesin: in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Aka tashi da sharuɗɗa. Karyar ba za ta shiga gida ko gareji ba, sai ƙarƙashin wani mangwaro a filin da ke bayan layin. Za ta zo da kwanon ruwanta da buhun da za ta kwanta a kai. Yaro ɗaya a lokaci ɗaya, kuma sai wanda ubansa ya ce e da bakinsa. Ba dole a taɓa ta, wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu. Iyaye biyar suka amince, har da mahaifin yaron. Huɗu suka ƙi, biyu daga ciki suka mayar da 'ya'yansu lesin bisa sharaɗin ba ruwansu da bayan layi.

Janairu zuwa farkon Maris: ƙarƙashin mangwaro

Mun fara Alhamis ta biyu a Janairu, hunturu ya kankama, yara duk cikin rigunan sanyi. Sau ɗaya a mako, zama tara.

Zama na ɗaya da na biyu ba a yi karatu ba. Yaron ya tsaya kamar taku goma sha biyar daga buhun yana kallo. Mama tana zaune a kujera riƙe da igiya, karyar tana kwance. Ta nuna masa daga nesa yadda ake karanta jikin kare: in wutsiya ta saki kunne ya kwanta, hankalinsa a kwance yake, in yana hamma da lasar baki yana kau da kai, ya gaji ko ya tsorata, a ba shi wuri. Ya tambaye ta, da ƙyar, ko ranar nan a gareji tsoro karyar ta ji. Mama ta ce, "Ƙwarai, ɗana, ta fi ku jin tsoro." Yaran suka sa mata suna Baƙuwa, ta kuma karɓa.

A zama na uku ya matso zuwa taku uku ya zauna a tabarma. Mama ta juya kujerarta gefe, ni kuma na koma bayan mangwaron inda zan ji ba ya ganina. Littafin tatsuniyoyi ne, ya zaɓi ta Gizo da Ƙoƙi. Ya daɗe yana kallon shafin. Can sai na ji, ƙasa-ƙasa, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba wanda ya amsa. Karyar ta ɗora haɓarta a kan ƙafafunta na gaba, ta ɗaga kunne ɗaya. Ya karanta layi huɗu cikin minti uku, ya maƙale sau biyu, ya buga ƙafa, ya wuce. Karyar ba ta motsa ba sa'ad da ya maƙale. Ya rufe littafin ya tafi wanke hannu, alhali bai taɓa ta ba.

Zama na huɗu, rabin shafi. A na biyar ya karanta "ƙwarya" a matsayin "ƙarya", ni kuma daga bayan bishiya na gyara masa. Ya rufe littafin nan take. Zama na shida ya zo ya zauna, bai karanta komai ba. Mama ta ce mini, "Malam, in kana nan ka zama bishiya." Daga nan duk kuskuren da na ji sai in rubuta, in koyar da shi ranar Juma'a a allo ga duka aji ba tare da na ambaci kowa ba.

An sami matsala ta ɓangaren karyar ma. Da labari ya bazu, yara biyar ɗin suka riƙa son dogon lokaci, zaman ya kai awa ɗaya da rabi. A zama na bakwai ta tashi daga buhun tana jan igiya zuwa mota, kuma Mama ta ce ta ƙi cin abinci a daren. Aka rage zaman zuwa minti 40, da hutun minti biyar a tsakiya don ta sha ruwa ta zagaya.

A zama na tara yaron ya karanta shafi biyu cikin minti 11, hannunsa na hagu a kan wuyanta. Na ƙirga a kalmomi ɗari: ya maƙale sau shida. A wannan makon na roƙe shi ya karanta mini kalmomi ɗari a gareji, mu biyu kawai. Ya yarda, karo na farko. Ya maƙale sau 19.

Azumi ya kama, aka dakata.

Afrilu zuwa Yuni: daga karya zuwa mutane

Bayan Sallah mahaifinsa, cikin murna, ya je makarantar boko ya gaya wa malamin ajinsu cewa yaro ya warke. Aka tashe shi a gaban yara fiye da hamsin. Bai iya fitar da kalmar farko ba, aka yi dariya, ya dawo gida da kuka. Mako biyu bai zo ƙarƙashin mangwaro ba. Mahaifiyarsa ce ta dawo da shi da hannunta.

Daga nan aka riƙa ƙara masu sauraro ɗaya bayan ɗaya, kuma shi yake zaɓa. Ta farko ƙanwarsa 'yar shekara biyar, wadda ba ta iya karatu ba. Da ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" Ya yi dariya ya ci gaba. Mako biyu bayan haka abokinsa ɗaya, sai biyu, sai ni na fito daga bayan bishiya na zauna a tabarma. A ƙarshen Mayu ruwan sama ya hana Mama zuwa, ya karanta wa mutum huɗu a bakin gareji babu karyar. A Yuni sau biyu kawai ta zo.

Na je makarantar tasu na roƙi malamin ya riƙa gaya masa tun jiya sakin layin da zai karanta gobe, kuma ya fara da rukuni ƙarami. Ya karɓi shawarar.

Yuli: inda aka tsaya

A zaman ƙarshe kafin hutu yaron ya tsaya gaban yara 16 a gareji ya karanta shafi ɗaya cikin minti bakwai. Ya maƙale sau 12 a kalmomi ɗari. In'inar tana nan. Yana buga ƙafa har yanzu, amma yana ƙarasa kalmar da kansa, kuma bai sake fashin lesin ba tun Mayu. A makarantar boko yana karanta sakin layi ɗaya in an sanar da shi tun da wuri. In aka kira shi ba zato, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi.

Sauran yara huɗun: ɗaya ta daina a Fabrairu saboda atishawa da ƙaiƙayin ido duk ranar da ta zauna kusa da karyar. Ɗaya, mai jin kunya, ya ƙaru sosai. Biyu ban ga wani canji a karatunsu ba, matsalarsu ta rashin sanin haruffa ce, kuma sauraron kare ba ya koyar da haruffa. Cikin yara bakwai da aka janye bayan ziyarar farko, uku ba su dawo ba har yau.

Abin da na fahimta daga lamarin

Karyar ba ta warkar da in'ina ba, kuma duk wanda ya ce wa iyaye za ta warkar ya yaudare su. Abin da ya toshe bakin yaron a Satumba abu biyu ne a haɗe, in'inar da kuma tsoron fuskar mai sauraro a daidai lokacin da kalma ta maƙale: wani ya yi murmushi, wani ya kau da kai don tausayi, wani ya ƙarasa masa. Duk hanyoyin da na gwada da farko suna ƙara masa irin waɗannan fuskokin ne. Karyar mai sauraro ce mai rai wadda fuskarta ba ta canzawa in ya maƙale, kuma ratar da ke tsakanin maƙalewa sau shida a gabanta da sau 19 a gabana a mako guda ita ce girman wannan tsoron.

Ba zan iya raba rabon karyar da rabon sauran abubuwan da suka zo tare da ita ba: zama shi kaɗai, rashin gyara, zaɓen littafi da kansa, da wata dattijuwa mai haƙuri da ta juya kujerarta gefe. Mai yiwuwa tunkiyar gidansu ta yi rabin aikin in da an tsara mata haka, ba tare da an tayar da hankalin unguwa ba. Sai dai tunkiya ba ta kwanciya minti goma tana kallon yaro, kuma ina ganin ganin da ya yi wa karyar tana ɓari a gareji, sannan ya ga ta dawo ta kwanta, ya taɓa shi ta wata hanya.

Ziyarar farko laifina ce. Ta jawo asarar makonni shida da yara uku, kuma da zaman Disamba aka fara da shi da ba a yi wannan asarar ba. Iyayen da suka ƙi suna da haƙƙinsu, kuma sharuɗɗan da suka sa aka gindaya, musamman na yaro ɗaya a lokaci ɗaya a fili, su ne suka zama tsarin da ya yi aiki.

Mama ta gwada wani kare na biyu a watan Agusta, ɗan shekara biyu, don rage wa Baƙuwa nauyi. Ta yar da kwano a bayansa ya zabura ya yi haushi, ta ce bai dace ba. Don haka in damina ta ɗauke a Oktoba za a koma da karya ɗaya, minti 40, yara uku. Yaron ba ya cikin ukun. Ya roƙa a bar shi ya riƙa shimfiɗa buhun da cika kwanon ruwa, mahaifinsa ya amince.